Allura Ɗaya a Fadar Katako

Tun da aka sallame asuba Lawali bai zauna ba. Ya sha kunu a tsaye, ya cinye ƙosan da aka sayo wa gida duka, sannan ya leƙa tukunyar jiya ya ƙwaƙule ƙanzon da ya rage. Matarsa Jummai tana kallonsa daga bakin madafa.

"Malam, kwana shida ke nan kana ci kamar wanda aka sako daga kaso. In aljani ne ya shige ka, faɗa mini in ƙara awo."

"Aiki ne," in ji shi.

Ba aiki ba ne. Allura ce.

Lawali yana sayar da katako a kasuwar Katako, shekara ashirin da biyu tun da ya baro Maraɗi. A bayan rumfarsa akwai wani dogonyaro, a gindinsa fadarsu take: mutum huɗu, benci biyu, butar shayi ɗaya, kullum bayan la'asar. Babbansu Ousmane, shi ma ɗan katako, shi suke kira Perezidan. Daga shi sai Lawali a shekaru. Sai Abdulrazak, direban kamyo, babbar motar kaya, mai zuwa Kotonu. Sai Amadou, mutumin Tawa, wanda ya yi shekara goma sha huɗu yana bin ayarin masu yi wa dabbobi allurar rigakafi kafin ya dawo Yamai ya buɗe teburin ƙusa da kwaɗo. Shi ke dafa shayi, kuma dokar fadar ba ta taɓa canzawa ba: kofin farko na babba ne, a bi shekaru a sauko, mai dafawa ya sha daga ƙarshe.

Abdulrazak ne ya kawo abin daga tafiyarsa ta baya. 'Yan kwalabe ne da ba su kai ɗan yatsa ba, da farin gari a gindinsu, da rubutun Ingilishi da babu mai karanta shi a cikinsu. Ya ce sunansa peptid. Wani mai ɗaga ƙarfe a kusa da tashar jiragen ruwa ne ya ba shi, ya ce masa ba ƙwaya ba ce, ba kuma haramun ba ne, abu ne da ke zungurar jiki ya saki sinadarin girma irin na ƙuruciya. Kafaɗa ta daina ciwo, tsoka ta dawo, barci ya yi nauyi.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan. Mazan da suka doshi hamsin ne, kowa da iyali, kowa da tabon sujada a goshi. Ba wanda ya tilasta musu. Sun ga samari suna sauke katako daga kamyo da hannu ɗaya, su kuwa sai sun dafa gwiwa kafin su miƙe, abin ya ci musu rai, suka miƙa cikinsu ga allurar da ba su san mai yin ta ba. Lawali yana cikinsu, bai fi su hankali ba.

Amadou ke sokawa. Yana zuba ruwa a kwalbar, ya girgiza, ya zuƙa da serengi, ya tsaya ya ƙare wa mutum kallo daga ƙirji zuwa ƙugu kamar yadda yake kimanta nauyin bijimi, sannan ya ce, "Kai naka ya kai nan." Ya tsunkuli fatar ciki ya soka. Ya tsoma allurar a ruwan zafin butar shayi, ya kaɗa, ya ce, "Na gaba." Haka ya saba yi a rugage, allura ɗaya garke guda. Serengi ɗaya yake aiki da ita, yana ajiye ta a cikin gwangwanin tumatir.

Duk kwanakin nan shida Ousmane ba ya gari, ya je Damagaram ta'aziyyar ƙanin mahaifinsa. Jiya ya dawo. Yau zai zo fada, kuma Abdulrazak ya riga ya shelanta cewa allurar yau ta Perezidan ce da farko.

Wannan ne ya hana Lawali zama. Shekara biyu da suka wuce Jummai ta zubar da jini wajen haihuwa, aka ce a nemo masu bayarwa. Ousmane ne ya fara isowa, ko rumfa bai rufe ba. Aka ɗauki jininsa aka gwada, aka kira shi ɗaki shi kaɗai. Da ya fito ya ja Lawali bayan ginin asibitin ya ce an ce yana da ciwon hanta, irin wanda suke kira epatit B, wanda ke bin jini. Ya kama hannun Lawali ya sa shi ya rantse da Allah cewa maganar ba za ta fita daga bakinsa ba. Lawali ya rantse. Wa zai ƙi rantsuwa ga mutumin da ya zo ba matarsa jini?

Lawali ya tura motonsa waje, ya tayar, ya nufi Harobanda, unguwar su Ousmane a hayin kogi, maimakon kasuwa.

Kan gada ya cushe. Raƙumi ɗauke da tabarmi a gaba, taksi biyu sun goge juna, direbobin suna zagin juna da Zabarmanci. Rana ba ta yi sama ba amma zafin bazara ya riga ya sauko, kogi ya janye har yashi ya fito a tsakiya. Lawali ya riƙa matsa hon ba dalili. Yatsunsa sun kumbura, suna yi masa zirr kamar tafiyar tururuwa, zoben azurfarsa ya nutse a cikin nama.

Ya tarar da Ousmane a zaure yana datse farce. Suka gaisa, ya yi masa ta'aziyya, suka shafa fatiha. Balkissa, matar Ousmane, ta aiko da ruwan sanyi. Lawali ya jira takun yarinyar da ta kawo ya yi nisa.

"Yaya, ka ji abin da ake yi a fada?"

"Abdulrazak ya kira ni. Ya ce ka zama zaki, ka sauke rabin kamyo kai kaɗai."

"Ƙarya yake yi. Ci kawai nake yi kamar gara." Ya matso. "Allura ɗaya ce, Yaya. Amadou yana soka wa kowa da ita. Kuma kai za a fara."

Ousmane ya ci gaba da datse farcen. Sai da ya gama da babban yatsa ya ce, "An ce yana tsoma ta a ruwan zafi."

"Ruwan shayi."

"Ruwan zafi dai ruwan zafi ne."

"Ka ce musu ba ka so. Ka ce tsoron allura kake yi."

"Ni da aka yi mini ɗinki bakwai a ƙafa a gabansu ban ƙifta ba? Za su tambaya. Abdulrazak ba ya barin magana sai ya ga gindinta." Ya ajiye abin yankan farcen. "Ka tuna Mahamadou mai walda na bayan layinmu? Da aka ji yana da irin wannan, kwano daban aka ware masa a gidan ƙaninsa. A masallaci mutane suna barin wuri tsakaninsu da shi, kamar an yi fitsari a wajen. Shekara biyu ina shan shayi da ku a kofi ɗaya, likita ya ce ba komai, ba ta nan yake bi ba. Amma je ka gaya wa Amadou haka. Gobe za ka ga ya zo da wani kofi, ya ɗaura masa jan zare."

"To ka zama na ƙarshe. Ka ce mu fara."

"Zan gani."

"Yaya, ba zan gani ba ce."

Ousmane ya ɗago ya dube shi. Ya rame a tafiyar nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Lawali, rabon da in ɗaga katako biyu a kafaɗa tun kafin azumi. Yaran rumfata sun fara ce mini in zauna su yi. Ku kun samu abin da zai tashe ku, ni ka zo har gida ka ce kar in taɓa. Na ji. Amma ka tuna abin da ka ɗora wa kanka a bayan asibitin nan. Ban sake ka ba."

Lawali ya fito ba tare da ya taɓa ruwan ba.

Ya buɗe rumfa da hantsi, bai iya tsayawa a cikinta ba. Wani kafinta ya zo neman jan katako, Lawali ya auna masa sau uku, kowane awo daban, har mutumin ya ce ko a dawo gobe. Ya zauna, ya tashi. Ya sayi dambu da zogale ya cinye, yunwar ba ta ko motsa ba. Ya zagaya bayan rumfa ya tsaya yana kallon bencin nan biyu da murhun gawayi. Gwangwanin tumatir yana nan a saƙale a reshen dogonyaro. Ya yi tunanin ɗauke serengin ya jefa a kwata. Amadou zai je gida ya ɗauko wata, yana da tsofaffin kayan aikinsa a akwati, har da manya na shanu. Ya yi tunanin fasa kwalaben. Suna cikin kular ƙanƙara a gidan Abdulrazak, kuma Kotonu ba ta ƙare ba.

Da azahar ta kusa ya sake hawa moto ya tafi wurin Nafissa, ƙanwar Jummai, wadda ke aikin jinya a wani ƙaramin asibitin kuɗi a hanyar filin jirgi. Ya same ta a baranda tana cin shinkafa a roba.

"Mijina na wucin gadi," in ji ta. "Yaya ta koro ka ne? Ɗakina ƙarami ne, ka sani."

"Tambaya na zo yi. Wasu abokaina ne za su fara wata allura."

Ya nuna mata hoton kwalbar a wayarsa ta portabul. Ta karɓa ta buɗa hoton da yatsu, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ajiye cokali, ta kamo hannunsa ta juya, ta danna bayan hannun da yatsa. Gurbin ya daɗe bai cike ba.

"Abokanka," in ji ta. "Hannun abokanka ne wannan?"

Ya janye hannunsa.

"Yaya Lawali, ka ji ni da kyau. Na san irin abin nan, masu ɗaga ƙarfe ke yawo da shi. Ko na gaske ne, ba abin da ake yi wa kai ba ne a bayan rumfa. Yana tara ruwa a jiki, ga shi nan a hannunka. Yana sa yunwa. Yana iya tayar da sukarin jini, kai kuma mahaifiyarka da shi ta rasu. Wannan in na gasken ne. Wannan kwalbar kuwa ba sunan kamfani, ba lamba, ba ranar lalacewa. Ni ban san abin da ke ciki ba, kai ba ka sani ba, wanda ya sayar ma wataƙila bai sani ba. Wa ke auna muku?"

"Wani ne da ya san allura."

"Likita ne?"

"Ya yi aiki da likitocin dabbobi."

Ta rufe robar shinkafar. "To Allah ya ba garken lafiya."

"Nafissa, bar wasa. In aka soka wa mutum allura, aka tsoma ta a ruwan zafi, aka soka wa wani?"

Fuskarta ta canza. "Kun yi haka?"

"Za su yi," in ji shi, ya kau da kai.

"Kar su yi. Tsomawa ba ta kashe komai. Jinin da ido ba ya gani ya isa, musamman ciwon hanta, shi ne ya fi saurin bin allura. Mutum ɗaya, allura ɗaya, sau ɗaya, a jefar. Kuma in an mayar da tsohuwar allura cikin kwalbar, kwalbar ma ta tashi daga aiki."

"Shi mai ciwon hantar fa, in aka yi masa?"

"Hantar da ke fama da kanta za ka ƙara wa abin da ba a san ko mene ne ba?" Ta zuba masa ido. "Akwai mai shi a cikinku?"

"Tambaya ce kawai."

"To amsar ke nan. Ka dawo gobe da safe kafin ka ci komai in duba maka sukari. In ba ka zo ba, Yaya zan gaya wa."

A hanya ya tsaya a farmasi ya sayi serengi huɗu sababbi a cikin ledarsu. Ya sa su a aljihun gaba, ya riƙa taɓa su a kowane mahaɗar hanya. A ransa yana cewa an gama, wannan ya isa, ba sai kowa ya faɗi komai ba. Ya yi sallar la'asar a masallacin kasuwa, ya kasa tuna ko raka'a uku ya yi ko huɗu, liman ya sallame ya bi.

Da ya iso gindin dogonyaro duk sun hallara. Amadou yana fifita gawayi da murfin kwali. Abdulrazak ya ajiye kular ƙanƙara a tsakanin ƙafafunsa, ya naɗe hannun riga yana nuna wa Ousmane damtse.

"Taɓa ka ji, Perezidan. Kwana shida kacal."

"Kumburi ne," in ji Lawali.

"Ga mai baƙin ciki ya iso. Kai da ka cinye tuwon Jummai har da na maƙwabta."

Aka sha shayin farko. Lawali ya ƙona harshe. Da Amadou ya miƙa hannu ya sauko da gwangwanin tumatir, Lawali ya zaro ledojin nan huɗu ya ajiye a kan benci.

"Na sayo mana. Kowa da tasa."

Amadou ya ɗauki ɗaya ya juya ta, ya duba ta ta gaba da ta baya.

"Mi ya samu tawa?"

"Ba abin da ya same ta. An ce haka ya fi."

"Wa ya ce?"

"Nafissa, ƙanwar iyalina. Aikinta ne."

"Yarinyar da aka yi goyonta ina cikin daji ina yi wa dabbobi pikir?" Amadou ya ajiye ledar a hankali. "Shekara goma sha huɗu, Lawali. Daga Tawa har iyakar Mali. Ko ɗan akuya bai taɓa mutuwa a hannuna ba. Yau kai za ka kawo mini allura a leda kamar alewa."

"Mu ba awaki ba ne."

"Jiya da shekaranjiya mi kake, da ka buɗe mini ciki?"

Abdulrazak ya yi dariya ya buga cinya. "A'a, ku bar shi. Alhaji Lawali ya fara ƙyamarmu. Faɗa mana, wane ne mai ƙazantar a cikinmu? Ni ne don ina kwana a hanya? Faɗi, ba zan ji haushi ba."

"Ban ce kowa ba."

"To in ba kowa, mene ne?"

Lawali ya dubi Ousmane. Ousmane yana kallon kumfar da ta rage a gindin kofi.

Amadou ya tattara ledojin ya cusa a aljihunsa. "Ba a ƙin kyauta. In wagga ta dakushe sai mu buɗe su. Yanzu kam da sauranta." Ya buɗe kula, ya ɗauko kwalba, ya zuƙa. Ya tsaya a gaban Ousmane yana auna shi da ido. "Perezidan ya zube. Naka kaɗan za a fara."

"Bari shi ya zama na ƙarshe," in ji Lawali. Muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya nufa. "Bai taɓa gani ba. Ya ga yadda ake yi tukuna."

"Ku fara ɗin," in ji Ousmane a hankali. "Ba komai."

"Wane irin mu fara?" in ji Abdulrazak. "Shekara ashirin ba wanda ya taɓa sa baki a kofi kafin kai. Ka yi tafiyar mako guda sai a yi maka juyin mulki? Lawali, in kujerar kake so ka fito fili, mu kaɗa ƙuri'a."

"Ɗaga riga, Perezidan," in ji Amadou. "Ko cizon sauro ya fi shi zafi."

Nan ne ya kamata Ousmane ya ce a'a. Kalma ɗaya ce, kuma shi ne babba, ba mai ja da shi. Amma mutum uku suna kallonsa, an kira shi Perezidan sau biyu a jere, kuma yana son abin da ke cikin serengin. Ya ɗaga riga. Amadou ya tsunkuli fatar ya soka, ya danna, ya zare. Ɗigon jini kamar ƙwayar gero ya fito a wurin, Ousmane ya shafe shi da babban yatsa.

Amadou ya buɗe murfin buta ya tsoma allurar, ya kaɗa sau biyu. Ya mayar da ita cikin kwalbar ya zuƙa.

"Na gaba."

Na gaba Lawali ne. In ya ce ya fasa, Amadou zai ɗaga kafaɗa ya wuce wurin Abdulrazak, mai 'ya'ya shida da mata mai ciki, daga nan ya soka wa kansa. In ya buɗe baki ya faɗi dalili, ya ci rantsuwar da ya yi da sunan Allah ga mutumin da ya zo ceton matarsa. Ya nemi hanya ta uku tun asuba, a kan gada, a rumfa, a farmasi, a cikin sahu, bai samu ba.

Ya tashi daga bencinsa ya dawo na Ousmane, ya zauna daf da shi har gwiwarsu tana gugar juna. Ya ɗaga rigarsa har ƙirji. Ya tsunkuli fatar cikinsa da kansa ya riƙe. Bai dubi Amadou ba, bai dubi allurar ba. Ousmane yake kallo.

"Bismillah," in ji shi. "Soka."

"Yau kuma da kanka kake riƙewa," in ji Amadou, ya durƙusa. "Saki jikinka, ka ƙanƙame kamar jakin da ya ga kogi."

Lawali ya ji sanyin yatsun Amadou, jiƙaƙƙu da ruwan ƙanƙara. Ya ji tsinin ya taɓa fata. Ousmane yana kallon ƙasa. A can bakin hanya injin tsaga katako ya tashi da ƙara. Lawali ya gane cewa bai san abin da mutumin nan zai yi ba. Shekara ashirin, kuma bai sani ba. Ya ƙi rufe ido.

Hannun Ousmane ya sauka a wuyan hannun Amadou ya riƙe.

"Kar ka soka masa."

"Perezidan?"

"Na ce kar ka soka masa. Kar ka soka wa kowa. Jefa ta cikin wuta, da kwalbar."

"Don mi?"

Ousmane bai saki hannun ba. "Jinina ba shi da kyau. Ciwon hanta gare ni, mai bin jini. Shekara biyu ke nan da aka gaya mini."

Butar shayi ta tafasa ta zubo kan gawayi, ba wanda ya sauke ta. Amadou ya janye hannunsa a hankali, ya riƙe serengin nesa da jikinsa, yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Abdulrazak ya sauke hannun rigarsa.

"Kai ka sani?" ya tambayi Lawali.

Lawali ya duba cikinsa. Tsinin ya bar ɗan farin gurbi, bai huda ba. Ya sa yatsa ya murza wurin, ya sake dubawa.

Ousmane ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya sa takalmi. Ya tsaya a kan Lawali.

"Bakinka bai faɗa ba," in ji shi. "Na shaida. Ranar lahira ma zan shaida. Amma da ka tsaya a tsakiyar kasuwa ka yi shela da ya fi mini sauƙi a kan abin da ka yi yanzu."

"Yaya..."

"Kar ka zo gidana."

"Perezidan, zauna mana," in ji Abdulrazak. "Ai ba a gama magana ba." Amma bai tashi ya riƙe shi ba, kuma Ousmane ya lura. Ya bi ta tsakanin tulin katako ya fita bakin gudro, babban titi, ya tsayar da taksi, ya sunkuya ya faɗi unguwa, ya shiga.

Lawali ya tashi zai bi shi, ya kai ƙarshen rumfa, ya dawo. Ya zauna, ya sake tashi. Bai san ko daidai ya yi ba. Ya san dai ya sa wuƙa a wuyan mutumin da bai taɓa yi masa komai ba sai alheri, kuma da za a mayar da yinin baya, abin da zai sake yi ke nan.

Amadou ya tura serengin cikin garwashi da bakin cokali. Robar ta lanƙwashe ta yi baƙin hayaƙi mai wari. Ya daɗe a tsugune yana kallonta.

"Shi an gwada shi, ya san nasa," in ji shi, ba tare da ya ɗago ba. "Mu ukun ga da muka yi kwana shida muna bin allura ɗaya, wa aka taɓa gwadawa?"

Abdulrazak ya ture kular ƙanƙara da ƙafa.

"Ni dai ba a taɓa ba," in ji Amadou. "Kuma na soki kaina da allurar shanu ya fi sau ɗari." Ya ɗago ya dubi Lawali. "Ita ƙanwar iyalin taka, ƙarfe nawa take buɗewa?"